Jibirilla da Akwatin Cigiya

Da sunan Allah mai ji, mai gani. Labarin Jibirilla ne, wanda ake ce wa Mai Rediyo, mai rumfa a bakin kasuwar dabbobi ta Gure. Duk wanda ya taɓa sayar da akuya a garin nan ya san shi. Dogo ne, ya ɗan rankwafa saboda yawan duƙawa a kan tebur, yatsunsa duk tabon dalma.

Ba ɗan cikin gari ba ne. A wani ƙauye can gefen Gidigir aka yanke masa cibiya. Ubansa kiwon raƙuman mutane yake yi, shi kuwa Jibirilla tun bai kai gwiwar raƙumi ba yake binsa rijiya. Lakwal, makarantar boko, ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba. Allo ya yi, ya kai inda Allah ya nufa, sauran karatunsa kuwa a jikin dabba ya yi shi. Kun san kowane gida da irin lalas ɗin da yake wa dabbarsa da ƙarfe mai zafi, kowane dangi da yadda suke tsaga kunne. To Jibirilla in ya hango raƙumi daga nesa, zai gaya maka na gidan wane ne, kuma rijiyar da ya saba sha.

Shekarar da fari ya cinye dabbobin, ubansa bai daɗe ba shi ma ya bi su. Sai Jibirilla ya ɗauko uwarsa, Inna A'i, suka shigo Gure. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, daga baya ya tafi Damagaram ya zauna shekara shida wurin wani mai gyaran rediyo. Ya dawo da ƙarfen narka dalma da gwangwani guda cike da ƙananan kayan da shi kaɗai ya san sunansu. Ya kafa rumfa, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya. Da salula ta shigo, gyaran rediyo ya ja baya, sai ya sayi pano biyu masu tara wuta daga hasken rana ya ɗora a kan rumfar, yana sa wa makiyaya caji ranar kasuwa.

A nan ne abin ya faro. Mutum zai zo ya miƙa salularsa, ya tsuguna yana jira, sai ka ji ya ce, "Malam, ba ka ji labarin wata taguwa ja ba?" Haka cigiya take a ƙasar nan tun kakanni: dabba ta ɓata, mai ita ya bi rijiya rijiya, kasuwa kasuwa, yana faɗin kamanninta, ƙafa ta kumbura, wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Salula ba ta yi maganin abin ba, don da ka ba gari baya ka shiga tsakanin tuddan rairayi, rezo, wato layin waya, ya ɗauke. Amma Jibirilla ya lura da abu guda. Salular da ba ta da rezo, in aka soka mata igiyar kunne, tana kama rediyo.

Wata huɗu ya yi yana fama ya ƙera abin da zai kai muryarsa cikin rediyo. Ya samo wani ɗan abu da direbobi ke sokawa a mota don su ji waƙa, ya farke cikin wata tsohuwar talabijin, ya naɗa wayar tagulla a jikin kara, ya ƙona yatsa ya fi a ƙirga. Abu guda ne ya gagara samuwa a nan, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar dabino ba, shi ke ba muryar ƙarfin tafiya nesa. Sai da wani direban Kano ya yi zuwa uku kafin ya kawo daidai. Jibirilla ya haɗa duka a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, ya ɗaura bututun famfo a kan doguwar azara, ya kafa a bayan rumfa.

Ranar da ya fara, bayan la'asar ne. Ya yi bisimilla, ya ce, "Jama'a, ana cigiyar amale fari, lalas kamar ƙafar hankaka a cinyar dama, kunnen hagu tsaga biyu, yana ɗan ɗingisa ƙafar gaba. Wanda ya gani ya riƙe don Allah, ya aiko rumfar Jibirilla." Kwana biyu sai ga mutum daga hanyar Alakos yana jaye da shi.

Daga nan fa rumfa ta zama wurin zuwa. Sau biyu yake buɗewa, da hantsi da bayan la'asar, kuma ba ya wuce tsawon shan shayi ɗaya. Ba waƙa, ba wa'azi, ba maganar siyasa. Cigiya ce kawai, sai in wani ya aiko cewa guga ta faɗa rijiya kaza ko igiya ta tsinke, kada a wahala zuwa. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Wanda ya samu dabbarsa ya kawo cuku, wani ya kawo ƙwaryar nono, wani addu'a kawai.

Wata bakwai ana haka. Sai wata ranar kaka Inna A'i tana zaune tana gasa tumu, ta ɗago ta dube shi. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Ta ce, "Kai wannan, abin nan naka, ka kai wa manya sun gani kuwa?"

Ya ce, "Waɗanne manya, Inna?"

"Ji shi. Ubanka ko tumu ya nuna a gonarsa, bai taɓa sa shi a baki ba sai ya kai wa bulama na farko ya sa albarka. Kai ka yi abu gari duk ya ɗauka, ba ka je ka gaida hukuma ba? Sai su ce ka raina su. Ba tarbiyyar da na yi maka ke nan ba."

Maganar ta shige shi. Abarshi dillali, taubashinsa, da ya ji abin da yake shiri, sai da ya saki igiyar ragon da ke hannunsa.

"Bawana, ka haukace? Hukumar da ba ta san kana duniya ba, kai ne za ka je ka ƙwanƙwasa mata ƙofa? Ranar da raƙuman da ubanka ke kiwo suka mutu, wa ya zo da takarda?"

Jibirilla ya ce, "Ba sata na yi ba, me zan ɓoye? Abin alheri ne. Ƙila ma su ƙara min tsawon azara."

"Za su ƙara maka, har da igiya."

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta Juma'a, ya goge akwatin da tsumma, ya ɗora a amalanke tare da batir da ɗan kwandon dabino na kwari. Aka nuna masa buro, wato ofishin da ya dace. Mai buron Mushe Adamu ne, mutumin Adar da aka turo aiki, mai tabon salla a goshi, ba ya ɗaga murya.

Jibirilla ya gaida shi, ya buɗe akwatin, ya nuna masa komai, har ya ce ya kunna 'yar rediyon da ke kan teburinsa. Ya yi sallama a cikin abin maganar, sai ga muryarsa ta fito daga rediyon Mushe. Mushe Adamu ya yi dariya kamar yaro, ya zagayo yana leƙa cikin akwatin, yana tambaya wannan fa, wancan fa, a wace lakwal ka koya. Can sai dariyar ta tsaya. Ya koma kujerarsa, ya dafe kai da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Jibirilla, mi ya sa ka kawo min?"

"Don ku sa albarka, ranka ya daɗe."

"Wata biyar ke nan nike jin ka. Matata ma na jin ka. Muddin a rediyo nike ji, ban san ko wane ne ba, ban san inda yake ba. Yanzu ga ka, ga akwati bisa teburina, ga mutane uku a ƙofa sun ga shigowarka."

Sai ya yi masa bayani. Ba a sakin murya a iska sai da izini daga Yamai. Doka ta ce wanda aka samu da irin wannan, a karɓe, a miƙa shi ga jandarma.

Jibirilla ya ce, "Ranka ya daɗe, wa na cuta? In na cuci wani, a kawo shi, a hukunta ni, na yarda. Amma tun ban cuci kowa ba a ɗaure min hannu? Iskar nan ba wanda ya shuka ta. Ban shiga layin kowa ba, sai da na yi sati ina saurare na nemi wurin da ba kowa."

Mushe ya ce, "Na sani. Ba don irinka anka yi dokar ba. Ka san gabas ba lahiya. In kowa ya tashi ya yi nashi, gobe wani ya kira mutanen daji da shi, ko ya shiga layin soji."

"To ai sai a kama wancan ɗin."

"Sai bayan ya yi ɓarna za a san shi."

"Ni kuma sai bayan na yi alheri aka san ni."

Mushe Adamu ya daɗe yana juya biro a hannu. Sannan ya ce akwai hanya. Ba zai karɓe ba, ba zai kira kowa ba. Zai rubuta cewa ya duba, abin ya tsaya, mai shi yana neman izini, ya sa hannu da sunansa shi. Amma sai Jibirilla ya rantse ba zai kunna ba har takarda ta zo.

"Wata uku ne, in ya yi yawa huɗu. Ni da kaina zan tura."

Jibirilla ya fita ya yi alwala a bakin randar buron. Mushe ya ɗauko Alƙur'ani daga cikin kabad. Jibirilla ya ɗora hannu ya rantse. Ya ɗauko akwatinsa ya dawo da shi rumfa, ba kwaɗo, ba hatimi, ba abin da aka ɗaura masa. Dabinon ma Mushe bai karɓa ba.

To, sai neman takarda. Aka ce mutum ɗaya ba ya samun izini, sai ƙungiya. Abarshi, duk da zagin da yake yi, shi ya tattaro dillalai da makiyaya goma sha biyu suka dangwala yatsa. Aka ce sai ɗaki na siminti mai ƙofar ƙarfe, wani ɗan kasuwa ya ba da aron shagonsa. Dosiye, wato tarin takardun neman izinin, ya tafi Damagaram, ya yi wata biyar, ya dawo: babu sunan mai diplom da zai kula da na'urar. Jibirilla ya ce, "Ni na ƙera ta, wa zai fi ni sanin ciwonta?" Aka ce ba a rubuta haka a takarda. Aka samo wani mai diplom ya yarda a sa sunansa. Dosiye ya koma, ya wuce Yamai, ya sake dawowa. Wannan karon cewa aka yi na'urar ba ta da sunan kamfani, ba ta da lamba, kuma gurbin nan ba a barinsa fanko.

Ranar nan Jibirilla ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wa Abarshi, "Ka ji, da daga ƙasar Sin aka yi ta, da ta wuce. Laifinta a Gure aka haife ta."

Damina biyu ta wuce. Ana cikin haka aka ɗauke Mushe Adamu zuwa wani gari can yamma. Wanda ya gaje shi saurayi ne mai fara'a. Jibirilla ya je ya fara bayani, bai kai rabi ba ya tare shi.

"Baba, ni ban ga akwati ba, kuma ba na son in gani. Dosiye na sama. In ya sauko zan aiko. Abin da mutum yake yi a rumfarsa, ni ban sani ba."

Abarshi ya ce, "To me kake jira? Da wane baki kake so ya gaya maka?"

Jibirilla ya ce, "Ba da shi na yi alkawari ba."

Akwatin na nan ƙarƙashin tebur, kullum ƙafarsa na taɓa shi. Batir cike, azara a tsaye. Makiyaya ba su daina zuwa ba, kuma kowa da ya zo sai ya ce, "An ce dai lafiyarta lau." Shi kuwa ba ya iya cewa ƙarya. Sai ya ce lafiyarta lau, shi ne ba shi da iko. Wasu su gane, wasu su tafi suna cewa ya ga ba a biyansa ne. Inna A'i ta daina tambayar labarin takarda. In ya shigo gida sai ta ja carbinta ta juya fuska, shi kuma bai taɓa ce mata komai ba.

Sai bazarar da ta wuce, ranar kasuwa, rana tsaka, ga wata dattijuwa daga gefen Gamu, Ya Fanna, leɓɓanta duk sun tsage. Mijinta ya rasu, taguwa ɗaya ya bar mata, da nononta take ciyar da jikoki huɗu. Iska ta taso shekaranjiya, taguwar ta tsinke dabaibayi ta bi ta, ta bar ɗanta yana kuka.

Ta ce, "Ɗana, an ce kai ne kake kira a ji a daji."

Ya ce, "Da ne, Iya."

"Ta lalace?"

Ya ce, "Ba ta lalace ba."

Ba ta yi masa gardama ba. Ta nemi gindin rumfar ta zauna, ta ce za ta jira.

Abarshi ya ja shi gefe. Wannan karon ba wasa a bakinsa. "Kai, wace irin zuciya gare ka? Numfashi goma ne ka gama. Rantsuwa ba ta da kaffara ne? Ni zan ciyar da miskinan, daga gidana."

Suka tafi wurin liman tare, suka same shi ya fito azahar. Liman ya saurara, ya ce gaskiya ne, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, yana iya warwarewa ya yi kaffara, Allah mai rangwame ne. "Amma Jibirilla, akwai mutumin da ya sa wuyansa dominka. Wannan haƙƙinsa ne, kaffara ba ta ɗauke shi. Ka neme shi. In ya sake ka, ka saku."

A nan ƙofar masallaci Jibirilla ya kira Mushe Adamu a salula. Suka gaisa, ya gaya masa komai, har kukan ɗan taguwar. 

Mushe ya ce, "Malam Jibirilla, wallahi kullum kana raina. Ni na ce maka wata uku. Amma takardar nan da sunana take, tana nan cikin dosiye, na rubuta abin ya tsaya. In wani ya ji ka ya kai sama, a wannan lokaci da muke ciki, ba aikina kaɗai za ya tahi ba. Mutum tara ke ci daga hannuna. Ba ni cewa ka yi, ba ni cewa ka bari."

"Amma ba ku sake ni ba."

"Ba ni iyawa. Ka yahe min."

Jibirilla ya dawo rumfa. Ya Fanna ta ɗago ta dubi fuskarsa. Ya tsuguna ya ce ta faɗa masa kamannin taguwar. Ya mayar wa kowa salularsa, ya rufe rumfa, ya hau bayan moton Abarshi, wato babur ɗinsa. Kwana huɗu suna bin rijiyoyi, inda moto ya nutse su tura, inda ya ƙi su taka. A rana ta huɗu suka isa wata rijiya da ba ta fi tafiyar rabin yini daga Gure ba. Wani makiyayi yana jan ruwa, da igiyar salula a kunnensa. Da ya ji kamannin sai ya ce, ƙwarai, ya gan ta, ranar kasuwar nan ma ta sha ruwa a nan da rana, nononta har ya sandare.

"Na riƙe ta har la'asar ta wuce. Na kunna rediyo inda kake fitowa da, na ce ko Allah zai sa. Ban ji komai ba. Na ce to, mai ita ya san inda take. Na sake ta, ta yi gabas."

Ba a sake jin labarinta ba. Ɗan taguwar bai kai sati biyu ba.

Jibirilla ya dawo ya yi kwana uku bai buɗe rumfa ba. Ba takardar ce ta fi damunsa ba yanzu. Ya san ranar kasuwa na zuwa, wani zai zo ya zauna inda Ya Fanna ta zauna, ya tambaye shi ko ta lalace. Ya san kuma hannunsa, a karo na gaba ƙila ba zai tsaya ba. In ya kunna, ya ci amanar mai iyali tara. In ya ce ta lalace, ya yi ƙarya.

Rana ta huɗu da hantsi ya jawo akwatin, ya sa ƙarfen dalma a wuta, ya cire ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku. Ya ƙulle shi a ƙyalle, ya tafi gidan liman, ya same shi a zaure.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ajiya na kawo. Ko ni na zo da kaina ina roƙo, kada ku ba ni sai kun ga takarda da hatimi. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, in ce ba ta aiki, kuma gaskiya na faɗa."

Liman ya juya ƙullin a tafin hannunsa, ya ga ba nauyi. Ya ce, "In takardar ba ta zo ba fa?"

Jibirilla ya ce, "Sai ku haɗa da kayan gado."

Liman ya ɗaga murfin gafakarsa ya sa a ciki. Jibirilla ya koma rumfa, mutum biyar na jiransa da salula a hannu.

Allah ka sassauta wa wanda alkawari ya ɗaure, ka mayar wa kowa abin da ya ɓata masa. Amin.